Yadda Na Kai Muryar Aliyo Adar

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shagonmu sai ya ce, "Sanusi, ba mu labarin Nijar." In na ce lafiya lau, sai a ce to me ya kai ka, kai da ko Katsina ba ka taɓa kwana ba? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ana katse ni da dariya a inda babu abin dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko. Wanda ya ƙara tambaya sai in miƙa masa takarda.

Wanda bai san ni ba, ina aiki ne a shagon buga takardu na Alhaji maigidana a nan Kano. A 1998 ya jawo mana intanet ta layin tarho. Layin kan kama in ya ga dama, da wata ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, ya kuma yanke ba sallama. Wani ɗalibi ya manta littafi a shagon mai koyar da yadda ake gina shafi, ni kuma na bi shi layi-layi har na gina nawa. Bango kore, sunana a sama yana ƙyaftawa, hoton ganuwa, karin magana guda talatin, da ɗan akwati a ƙasa mai ƙirga baƙi. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙ da ɗ da ɓ, don na'urar ba ta san su ba. Sai na zana kowanne a matsayin ɗan mitsitsin hoto, ina cusa shi a tsakiyar kalma. In layi ya yi nauyi, kalmomin kan fara fitowa da giɓi kamar bakin tsoho, daga baya haƙoran su faɗo ɗaya bayan ɗaya.

Wata uku ba mai shiga sai ni da abokaina. Ran nan na tarar da saƙo a wurin da baƙi ke barin magana: "Sannu dan'uwa. Ni Ba'adare na, ina Beljik. Shekara sha bakwai ban ga Hausa rubuce ba. Kaka kay yi k mai kugiya?"

Sunansa Aliyo. Shara yake yi a ɗakin kwamfutoci na wata makaranta a can, ɗalibai suka koya masa taɓa na'ura. Na aika masa 'yan haruffana, muka shiga musayar wasiƙu. Da ya ce shafi yake so ya gina wa mahaifiyarsa, na yi dariya ni kaɗai a shago. Na rubuta masa cewa tsohuwar da ba ta karatu, a ƙauyen da ba lantarki, ina ita ina shafi? Ya ce ya sani. Ya ce wasiƙun takarda ya sha aikawa ba amsa har ya daina, amma in ya gina wannan, wata rana wani zai kai mata.

Wata biyar muna gininsa, yana yi ina gyara masa daga nan. Bangon ja ne, ya ce kalar ƙasar garinsu. Hotonsa a tsakiya cikin babbar kwat, rubutu kaɗan a ƙasa, sai wani maɓalli da in ka danna za ka ji muryarsa. A lokacin sa murya a shafi sabon abu ne, ni kaina ban taɓa yi ba. Kwana uku na yi ina jawo muryar nan, layi na yankewa ina sakewa. Da ta sauko na ji tari a cikinta, na tambaye shi. Sai a lokacin ya gaya mini huhunsa ya daɗe da lalacewa. Wasiƙarsa ta ƙarshe gajera ce: sunan ƙauyen, sunan uwar, Tsahara, da na wansa, Shaibu. Ya ce in fara biyawa ta asibitin mishan da ke kan hanyar Madawa in nemi wata ma'aikaciya Saratu. Ya rufe da, "In ka samu hali."

Aka yi mako biyar shiru. Sai ga wasiƙa da Faransanci daga wata mata da suke aiki tare. Na kai wa tela ɗan Togo da ke maƙwabtaka da mu ya fassara. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce abokinka ya mutu a asibiti, an binne shi can.

Na ƙudura sai na kai saƙon nan. Alhaji ya aro mini ƙaramar kwamfuta mai murfi wurin ƙaninsa, nauyinta kamar bulo, batirinta ba ya wuce rabin sa'a. Na zuba shafin a ciki, na naɗe ta da bargo na sa a jaka. Ƙarshen bazara ne, ana jiran ruwa.

Daga Kano zuwa Sakkwato ba abin faɗi sai wahalar mai. Sau biyu direba yana tsayawa sayen na galan, na biyun gauraye da kananzir, motar ta riƙa shaƙewa har muka shiga gari. Washegari na kama hanyar Illela, na tsallaka iyaka wajen sha biyu da rabi. A nan na fara ganin abin da ban saba ba: ofishin kwastan, su duwan suke cewa, a rufe. Wai kowa ya tafi hutun rana, sai bayan uku. Mu a nan ma'aikaci kan sulale ne a ɓoye, su kuwa doka ce ta ce a je a kwanta. Na zauna a gindin bishiyar bedi, na sayi burodinsu dogo kamar sanda, mai tauri har ya kankare mini dasashi.

Da aka buɗe, jami'in ya zazzage jakata, ya ga kwamfutar a cikin bargo, su ordinata suke ce mata.

"Ordinata ta wagga? Mi ag ga ciki?"

Na ce saƙo ne. Ya ce in kunna ya gani, aikinsa ke nan. Na kunna raina ba ya so, don na san abin da kowane minti ke ci. Jan bangon ya fito, hoton ya fito. Ya sa na danna maɓallin. Da ya ji "Inna, Aliyo na," sai ya ɗaga hannu ya ce in tsayar.

"Shina da rai?"

Na ce a'a. Ya buga mini hatimi, ya naɗe kwamfutar da hannunsa, ya ce Allah shi kai ka lahiya.

Na isa garin asibitin da la'asar. Ko'ina warin albasa, buhuna jibge a bakin titi sun fi mutum tsawo. A ƙofar asibitin mutane ne kwance a inuwa, wasu da tukwanensu, da alama sun yi kwanaki. Na tambayi Saratu, aka kai ni wurin wata mata mai kimanin shekara hamsin da biyar, gajera, da farar riga. Da na ambaci Aliyo sai ta zauna a kan benci. Ban ƙarasa ba ta ce, "Ya tahi ko?" Na ce e. Ta rufe ido ta yi addu'a a hankali, sannan ta ce in biyo ta gida.

A gidanta na ga soket ɗinsu rami biyu ne zagayayyu, filogina kuwa mai ƙafa uku ne irin namu. Na tsaya riƙe da waya kamar wawa. Ta aika aka kira mai gyaran wutar asibitin, ya yanke kan filogin da wuƙa ya ɗaura irin nasu. Zuciyata ta ce kayan aro ne fa, bakina ya ce na gode.

Ban taɓa kwana a gidan Kirista ba. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Da aka kawo tuwo ita da 'ya'yanta suka sunkuyar da kai suka yi addu'a da Hausa tsantsa, har da "amin", ni kuma na yi bisimilla. Muna ci ta ba ni labarin da Aliyo bai taɓa ba ni ba.

Yana saurayi aka kawo shi da gyambo a ƙafa wanda ya kai ƙashi. Ya yi kusan shekara a kwance. Da ya warke sai ya zauna yana shara, daga baya ya shiga addininsu. Da labari ya kai ƙauye, uban ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar asibiti ya ce ba shi ba Aliyo duniya da lahira, in ya sake taka garin bai yafe ba. Aliyo ya tafi Abijan, daga can ya hau jirgin ruwa.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Wata biyar ina wasiƙa da mutum, ina ce masa ɗan'uwa, ban sani ba. Na ji haushinsa, na ji tsoro kuma, don yanzu na gane gidan da zan shiga. Saratu ta lura.

"Malam Sanusi, in ka koma daga nan ba mai ganin laihinka. Amma in tambaye ka, saƙo anka ba ka, ko shari'a?"

Na ce saƙo.

"To ci tuwonka."

Da safe na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, ta ce ya rame. Na ce in sa mata muryar? Ta ce a'a, ba tata ba ce, in adana wutar.

Na wuce Madawa, a can na jira motar garin Buza tun hantsi har azahar. Tsohuwar a-kori-kura ce, an yi mata benci biyu a baya. Yawancin fasinjojin 'yan bida ne, wato masu cin rani, suna dawowa daga Abijan da Kamaru don shuka. Ɗaya ɗan Tamaske ya ce mini a unguwarsu in ka ga namiji da rani, ko tsoho ne ko maras lafiya. Kowa da katin shaidarsa a aljihun gaba, don a kowane shinge sai an duba, su kuma ba sa gunaguni kamar mu.

Ana shirin tashi wani mutum ya zo da mahaifinsa a goye. Daga asibiti suke, likita ya ce ciwon ya wuce magani, tsohon ya ce a kai shi gida. Ba wurin kwantar da shi, sai muka shimfiɗe shi a kan gwiwoyinmu mu huɗu, ƙafafunsa a kan cinyata. Hanyar dutse ce zalla, mota na tsalle, kowane tsalle sai tsohon ya yi nishi. Bayan kamar sa'a biyu nishin ya daina. Ɗan ya taɓa wuyansa, ya yi salati, ya ja mayafi ya rufe fuskar. Aka buga wa direba rufin mota, ya tsaya, ya leƙo, ya ce Allah shi jiƙan shi. Ba ƙauye kusa, ba inuwa. Muka ci gaba da gawar a kan gwiwoyinmu har Buza.

A shingen shiga gari jandarma, wato ɗan sandansu, ya ga kwamfutar, shi ma ya ce a kunna. Na roƙe shi, ya ce bai ƙi ta tawa ba, amma bai taɓa barin akwatin da bai ga cikinsa ba ya wuce. Ta ɗauki minti huɗu kafin ta farka, ya duba, na kashe. A garin na nemi inda zan ƙara wuta, aka ce injin wutar garin ya lalace kwana biyu ke nan. Na kwana a rumfar wani mai shayi a tasha. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi ne kamar na magani, sau uku ake ba ka, na farko ɗaci kamar maɗaci. Da na nemi madara aka yi mini dariya.

Washegari na sami motar kasuwa zuwa Dewule, daga can na bi wasu mata da jakunansu a ƙafa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yana gindin wani tudu, rumbunansa na ƙasa manya-manya sun fi ɗakunan girma. Ɗaya daga matan ta ƙwanƙwasa wani da sandarta muna wucewa, ya yi ƙara kamar ganga. Ta ce, "Ka ji? Duk haka suke."

Shaibu dogo ne, baƙi, da furfura a gemu. Ya karɓe ni a zaure, ya kawo ruwa, ya kawo fura a ƙwarya wadda ruwanta ya fi gerenta yawa. Sai da na sha, aka yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ya ce, "Baƙo, daga ina?"

Na faɗa masa komai. Bai katse ni ba. Da na zo kan rasuwar ya ce innalillahi, ya dubi ƙasa.

"Wasiƙunai sun zo," in ji shi. "Baba ya ƙone su gabana. Ranar da za shi cikawa ya kama hannuna yac ce ko bayan ransa kar sunan yaron ga shi shigo gidan ga. Na amsa mishi."

Na ce ai saƙon na Inna ne.

"Inna ta ɗauka shina Abijan. Duk shekara in 'yan bida sunka komo sai ta hita bakin hanya ta zamna. Da wannan taka rayuwa. Kai kuma ka zo ka kashe mata shi, ka hau mota ka koma Kano. Wa za ya zamna da ita? Ni."

Ya ce in kwana, baƙo ba a kora tai, amma da safe in kama hanya. Ni kuma, gaskiya zan faɗa, na ji sauƙi. Na ce to. Na gaya wa kaina na yi iyakar ƙoƙarina, wan mamaci ne ya hana. Da yamma aka kawo mini dafaffen ganye da ɗan ƙuli a kai. Na ji yara na kuka a cikin gida, na san rabon wani aka ba ni.

Da safe ina ɗaure jaka sai na ji sanda na taɓa ƙasa. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, idanunta sun yi fari-fari da yana. Matan da muka zo tare sun riga sun baza labarin baƙon Najeriya mai akwati, wanda ya tambayi gidan su Aliyo.

"Kai na baƙon?"

Na durƙusa na gaishe ta. Shaibu ya taso da sauri ya ce, "Inna, mai wucewa na, yanzu za shi tahi."

"Shaibu, ni na haihe ka, ba kai ka haihe ni ba. Ɗana, mi kaz zo da shi?"

Na dubi Shaibu. Ya kau da kai. Na ce saƙo ne daga Aliyo.

Na buɗe kwamfutar a tsakar gida, amma hasken rana ya cinye fuskar, ba a ganin komai. Muka shiga ɗakinta, wata jikarta ta saki tabarmar ƙofa. Shaibu ya tsaya a waje. Alamar batir ta nuna saura kaɗan. Jan bangon ya fito, hoton ya fito, ga 'yan haruffana masu ƙugiya zaune daram a cikin kalmomin da ya rubuta. Duk wahalar da muka sha a kansu, ba wanda ya dube su a ɗakin nan.

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce haske kawai take gani da wani duhu a tsakiya. Na kama yatsanta na ɗora a kan goshinsa, na ce nan goshi, nan ido, nan baki. Ta shafa, ta ce, "Sanyi gare shi."

Na danna maɓallin. Lasifikar 'yar ƙarama ce, muryar kuma an matse ta don ta iya bin waya, sai ta fito kamar mai magana daga cikin rijiya. Ta kwantar da kunnenta a kan na'urar.

"Inna, Aliyo na. Kin tashi lahiya?"

"Lahiya lau," in ji ta.

"Ƙaƙa gida? Ƙaƙa ciwon bayanki? Ni ina nan, ina aiki, ba ni da yunwa." Sai tari mai tsawo. "Na ji Baba ya rasu, wani ɗan garinmu yag gaya mini. Na yi kuka. Ki gaida Shaibu, ki ce ban manta ranar da yag goya ni zuwa bakin hanya ba. Inna, ban tahi don ƙin ki ba. Ki yahe mini. Kullum ina ganin ki bakin rumbu kina sussuka. In Allah ya yarda..."

Shiru.

"In Allah ya yarda mi?"

Na ce nan ta ƙare. Abin da ya ɗauki muryar da shi minti ɗaya kawai yake ɗauka, in ya cika sai ya yanke. Na san ya yi niyyar sake wata, bai samu ba.

Ta ɗago kanta. "Wagga muryar maras lahiya ta. Na san tarin ga, shi yak kashe ƙanena." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Ɗana, kai Musulmi na?"

Na ce e.

"To don Allah da Annabi hwaɗa mini. Shina da rai?"

Ina ganin ƙafafun Shaibu ta ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Na ce, "Inna, Allah ya yi masa rasuwa. Wata biyu ke nan."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati sau uku, tana riƙe da hannuna har ya yi zafi. Sannan ta ce, "Wa ya yi mishi wanka?" Na ce ban sani ba. "Da mutane wurin rufe shi?" Na ce ban sani ba. Ban taɓa jin ƙanƙantar sanina kamar ranar ba.

"Yac ce in yahe mishi," in ji ta. "Mi ya yi mini? Ni ban yi hushi da shi ba ko yini guda. Ba wanda yat tambaye ni na."

Ta ce in bar mata akwatin. Na ce na aro ne, kuma ko na bari, nan da 'yan mintoci zai mutu, ba wutar da za ta tashe shi a garin nan. Sai ƙafafun nan suka bar bakin ƙofa. Jim kaɗan hannun Shaibu ya shigo ta gefen tabarma riƙe da rediyo mai kaset da ya aro a maƙwabta. Shi kansa bai shigo ba. Ni da nake taƙamar sanin na'ura, wannan dabarar ba ta zo mini ba tun daga Kano.

Muka ɗora rediyon a bakin lasifika, na danna ɗauka, na sake sa muryar. Na roƙe ta ta yi shiru don ta fita sosai. Ta ce to. Amma da ya ce kin tashi lahiya, sai ta sake amsawa, da ya yi tari ta ce sannu. Duk sun shiga kaset ɗin. Ta ce a ƙara sau ɗaya. Ana tsakiyar na ukun kwamfutar ta yi ƙara sau biyu, fuskar ta yi baƙi.

Kafin azahar mata sun cika gidan. Maza suka taru a ƙofa, aka rasa abin da za a yi, don limamin ya san labarin Aliyo kamar kowa. A ƙarshe ya ce shi ba zai ce komai a kan mamacin ba, Allah ya san bayinsa, amma uwa ta yi rashi, a yi mata gaisuwa. Aka yi. Wasu suka ƙi zuwa. Wani dattijo ya dube ni ya ce da na bar tsohuwa da sa ranta. Har yau ban san ko shi ne da gaskiya ba.

Kashegari Shaibu ya raka ni bakin hanya, inda motar kasuwar Keita ke wucewa, don ta can ya fi sauƙi in fita garin Tawa. Ya karɓi jakata ya rataya. Tafiyar sa'a guda ce. Muka zauna a kan dutse muna jira. Can ya ce, "Jiya har yamma tana jin kaset ɗin. Batir ya ƙare, ta sa an shanya shi ga rana."

Na ce Allah ya ba ta haƙuri.

Ya yi ta wasa da tsakuwa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Buɗe akwatin in gane shi."

Na san ba abin da zai fito, amma na kwance bargon, na ɗaga murfin, na danna. Na sake dannawa. Ya leƙa baƙin gilashin, ba abin da ke ciki sai inuwar fuskarsa da tawa.

"Ba komi," in ji shi. "Hwaɗa mini dai. Ya yi ƙiba?"

Na ce a'a, siriri ne, dogo kamar kai.

"Hurhura hwa?"

Na ce akwai, a gefen kai.

"Aliyo da hurhura." Ya girgiza kai. "Shekara bakwai na ba shi. Ranar da gyambon ya hana shi tahiya, nan wurin ga na aje shi muna jiran mota. Da na sani da na bar shi gida mu yi ta sa mishi ganye." Ya goge fuska da hannun riga. "A'a. Da ya mutu tun sannan."

Motar ta taso daga nesa. Na ce masa da na isa Kano zan buga hoton a takarda in aiko ta hannun Saratu. Ya ce in na aiko a ba shi a hannunsa, kar a ba kowa. Ya miƙa jakata saman motar, ya ce in gaida mutanen gida, ya juya tun motar ba ta tashi ba.

Kwana uku na yi a hanyar dawowa. Ranar da na iso ko wanka ban yi ba na buga hoton, na ba wani direban albasa da ke bin hanyar. Bayan wata ɗaya ya dawo mini da 'yar takarda daga Saratu. Ta ce ta hau mota ta kai da kanta. Shaibu ya karɓa, ya shiga zaure ya saki tabarmar ƙofa. Ta jira shi har la'asar bai fito ba, sai ta kamo hanya.